Akwatin Maɗaci

Ni mai gyaran rediyo ne a Dilimi,
waya da dalma kaɗai na sani.
Dare uku na yi ina haɗa kayan cikin:
maɓallai shida, ja uku, baƙi uku,
da sandar da ke juyawa ko'ina aka tura ta,
kanta ƙwallon giyar wata matacciyar Fijo.
Amma hanji ba ya yawo tsirara.
Na cusa su a kwalin taliya,
zagaye biyu Juwaira ta buga, kwali ya durƙusa.

Ran Asabar na gangara Katako.
Baba Choji ya karɓi zanena
da na yi a bayan takardar kuɗin wuta,
ya duba ta sama, ya juya ta ƙasa.
"Asusu ne, ko gidan tantabara?"
Na ce na wasan gem ne.
Ya ce, "Ashe zai sha duka. Ɗauki maɗaci."
Ya zaro mini guntun tsohuwar ƙofa,
ramin makulli na nan a gefenta.
Zarto kuwa aro ne: in dawo da shi da haƙoransa.

Asubar Jos, yatsu sun sandare.
Na auna sau ɗaya, na yanka,
gefen hagu ya gaza da faɗin farce.
Waya in ta gajarta, sai a ƙara mata.
Katako ba ya jin "yi haƙuri".
Na rage sauran ukun su zo daidai da kuskurena.

Ba ni da ƙarfen matsewa.
Na shafa gam, na ɗaure da robar tayar keke,
na ɗora batirin mota da dutsen niƙan Hansatu.
Miyar ranar, a turmi aka daka ta,
kuma na ji bayani.

Ramuka ba da ma'auni na fitar ba.
Na ce Juwaira ta shimfiɗa hannunta na dama,
wanda yatsu biyu ba sa lanƙwasa
tun ranar da mai ya zubo daga kasko.
Ƙaramin abin dannawa na shago ya fi ƙarfinta,
kullum sai dai ta tsaya bayan yara tana ba da shawara.
Na bi bakin kowane yatsa da fensir,
inda ya sauka, nan na huda.

Rami na biyar ya tsage.
Na zauna ina kallon sa har aka kira la'asar.
Garin katako da gam, in ji Baba Choji,
"ka mayar masa da namansa."

Sai samfefa.
Mai kaushi, mai dama-dama, mai laushi kamar kunnen mage.
Jan gari a gashina, a shayina, a aljihun riga.
Na kashe kaifin kusurwa saboda cinyar yarinya.
Ramin makullin nan da na so toshewa,
ta cikinsa wayar ta fita, kamar don ita aka yi shi.

Banish na shafa cikin Agusta,
watan da rana ke leƙo Jos kamar mai gudun bashi.
Shafi ɗaya, kwana biyu yana danƙo.
Na uku ya kwanta, maɗaci ya yi ja kamar zoɓo,
har ina ganin fitila a cikinsa.
Na ce kada wanda ya taɓa.

Da safe, ga shi nan a kusurwar dama:
babban yatsa, ƙarami, da zanensa zagaye-zagaye.
Ta ce ba ita ba ce.
Na ɗauko samfefa.
Na riƙe.
Na mayar da ita cikin gwangwani.

Yanzu da magariba, in an kawo wuta,
daga tsakar gida nake jin ƙas, ƙas-ƙas, ƙas,
akwati bai ko motsa ba.
Jiya ta cinye ni bakwai da biyu,
biyun ma ina zargin tausayi ne.
Zarton Baba Choji har yau yana bayan ƙofa.
Ƙanenta ya ce shi na hagu yake so.